Mai Awon Ido da 'Yar Battar Ajiyar Kontak

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin ido ya san ɗakin nan mai ɗan duhu, da allon haruffa a jikin bango, manya daga sama suna ta ƙanƙancewa har ƙasa. Ana zaunar da mutum tazarar mita 6 daga allon, ko a sa madubi ya cike tazarar idan ɗakin ƙarami ne. Wanda bai yi boko ba sai a kawo masa allo mai harafi ɗaya tal, mai ƙafa uku, ya riƙa nuni da hannu inda ƙafafun suka fuskanta. Mutumin da ke gefe yana sauya gilasai a wani firam mai nauyi, yana tambaya "Baba, wannan ya fi fitowa ko na ɗazu?", shi ne mai awon ido. Jama'a kan kira shi likitan ido, amma ba shi ne ke yin tiyatar yanar ido ba. Nasa aikin shi ne auna gani, da gano ciwon da ke ɓoye kamar hawan jinin ido ya tura mutum inda ya dace, da rubuta ƙarfin gilashin da ido ke bukata.

Ba sana'ar da ake tsinta a bakin hanya ba ce. A Najeriya shekara shida ake yi a jami'a kafin a fito, kuma Jami'ar Bayero ta Kano na daga cikin masu koyar da ita. Tun 1989 akwai hukumar ODORBN da doka ta ɗora wa rajistar masu awon ido da abokan aikinsu masu yanka gilashi su ɗora shi a firam. Arewa ta daɗe da sanin aikin ido na asibiti: asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Sai dai akwai wani reshe na sana'ar da mutanenmu suka fara shiga da yawa ba tare da sun bi ta hannun masu ita ba, wato sanya kontak, ɗan faifan nan mai laushi da ake ɗorawa kan baƙin ido a maimakon tabarau.

Abin yana da tarihi. A 1888 wani likita a birnin Zurik, Adolf Fick, ya gwada irinsa na gilashi zalla, mai nauyin da ido ba ya iya jurewa sai na 'yan sa'o'i. Mai laushin da ake sawa yau ya samo asali ne daga Otto Wichterle, masanin sinadarai ɗan ƙasar Cekoslobakiya, wanda a ƙarshen 1961 ya harhaɗa injin yinsa a gida da ƙarafunan wasan yara. A 1971 aka ba da izinin sayar da shi a Amurka. Wanda ake sawa na ɗan lokaci a yar ya fito a 1987, na kwana ɗaya kuma ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990.

Mai awon ido ba ya miƙa wa mutum kontak don kawai ya nema. Baƙin ido ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Iskar da yake rayuwa da ita daga waje yake samunta, ta cikin hawayen da ke lulluɓe da shi. Duk abin da aka ɗora masa ya shiga tsakaninsa da numfashinsa ke nan. Shi ya sa ake fara auna lanƙwasarsa da na'ura, a duba faɗinsa, wanda a yawancin manya bai wuce milimita 12 ba. Kontak mai laushi yakan kai milimita 14 ko kusa da haka, don ya rufe baƙin ya ɗan hau kan farin. A jikin kwalinsa akwai lambobi da mai saye ba ya kula da su, irin su 8.4 ko 8.6, su ne ma'aunin lanƙwasar. Bayan an sa, sai a zaunar da mutum gaban fitilar duban ido, ya ɗora haɓa, a ce masa ya ƙifta. Mai awon yana kallon gefen faifan: idan ya ɗan motsa kaɗan ya koma mazauninsa, ya zauna daidai. Idan ya kafe bai motsa ba, ya matse ido, hawaye ba za su zagaya ƙarƙashinsa ba. Idan kuma yana yawo, zai dami mai shi. Ko ƙarfinsa ba lallai ya zo ɗaya da na tabarau ba, domin tabarau na zaune nesa da ido da kusan milimita 12, shi kuwa kontak a manne yake. Da zarar lamba ta wuce 4, sai an sake lissafi.

A ganina, inda ake gane ƙwararre shi ne abin da ke biyo bayan awon. Zai zaunar da kai gaban madubi, ya sa ka wanke hannu da sabulu ka tsane shi sarai, ya koya maka ɗora faifan a kan ɗan yatsa ka duba ko ya juye. Wanda yake daidai gefensa a miƙe yake sama, wanda ya juye kuwa bakinsa kan baje waje. Za ka sa, ka cire, ka sake sawa, ido na hawaye, shi kuma yana haƙuri da kai. Sannan ya ɗauko 'yar batta ta roba mai gurbi biyu, murfi ɗaya da alamar dama, ɗaya da ta hagu, ya ajiye a gabanka. A nan ne rabin aikinsa yake, ko da yake mutane da yawa a lokacin hankalinsu ya riga ya tafi gida.

Tambayar da yake fara warwarewa ita ce ko kana ma bukatar battar. Idan na kwana ɗaya aka rubuta maka, babu ajiya sam. Ka ɓare shi da safe, da dare ka cire ka jefar. Ba a yi shi don a wanke ba, kuma ɗan ruwan da ya zo a cikinsa ruwan gishiri ne mai tsabta, ba ya kashe ƙwayar cuta. Na san tsada ce ke sa mutum ya ce bari ya mayar da shi cikin ledarsa ya ƙara kwana biyu da shi, kuma ban raina wannan dalili ba a halin da ake ciki. Amma wanda aljihunsa bai kai na kullum ba, gara ya faɗa wa mai awon gaskiya a rubuta masa na mako biyu ko na wata, waɗanda aka yi domin a ajiye. Su kuma kwanakinsu daga ranar da aka ɓare ake ƙirgawa, ko an sa ko ba a sa ba.

Girman batta kuwa faifan ne ke yanke shi, ba kyan battar ba. Ƙa'idar ita ce faifan ya kwanta a gurbinsa ba tare da ya naɗe ba, ruwan ajiya ya shanye kansa gaba ɗaya, kuma a samu 'yar rata tsakanin ruwan da murfi. Battar da ke zuwa tare da kwalbar ruwan ajiya an yi ta daidai da kontak mai laushi na milimita 14, shi ya sa mai awon ido kan ce a tsaya a kanta. Matsala takan taso ne daga battocin ado da ake sayarwa daban, masu siffar dabbobi ko furanni, waɗanda wasunsu gurbinsu ba shi da zurfi. Ruwan da suke ci kaɗan ne, gefen faifan ya leƙo waje ya bushe, ko ƙazantar da ya kwaso ta fi ƙarfin ɗan maganin da ke ciki. Cika gurbi har baki ma kuskure ne, don faifan kan taso sama, a zo murɗa murfi a datse gefensa, washegari a sa a ido a ji kamar tsakuwa. Wasu battoci suna da layi a ciki da ke nuna iyakar ruwa. Mai murfin murɗawa ta fi mai murfin dannawa riƙe ruwa a cikin jaka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matafiyi.

Akwai masu larurar da baƙin idonsu ke tsini ya turo gaba, wanda tabarau ba ya gyara ganinsu yadda ya kamata. Irinsu ake yi wa kontak mai tauri, wani ƙarami ne da bai wuce milimita 10 ba, wani kuma babba ne da ke zama kan farin ido, mai kai milimita 16 ko fiye. Wannan babban ba ya shiga kowace batta, kuma idan aka matsa shi gefensa na iya tsagewa, ga shi da tsada. Dole a nemo masa mai faɗin gurbi.

Sai wata batta dabam, doguwa mai kama da ɗan kofi, da kwando biyu a jikin murfinta da wani ɗan faifai mai ruwan toka a ƙasa. Ita ta ruwan ajiya ce mai sinadarin haidurojin feroksaid kashi 3 cikin ɗari, wanda bakin kwalbarsa ja ne don gargaɗi. Ɗan faifan nan an shafe shi da ƙarfen filatinam, shi ke karya ƙarfin sinadarin har ya koma ruwan da ido zai iya ɗauka, kuma sai an ba shi aƙalla awa shida. Za ka ga ruwan yana kumfa, alamar aiki na tafiya. Wanda ya zuba wannan ruwa a batta mai gurbi biyu, da safe sinadarin na nan da ƙarfinsa, zai ƙone masa ido. Duk sabuwar kwalba da tata sabuwar batta take zuwa, a yar da tsohuwar.

Abin da ya fi girman batta muhimmanci shi ne tsabta, kuma a nan ne mai awon ido yake ta nanatawa har a gaji da shi. Da safe bayan an sa kontak, a zubar da ruwan jiya duka, a cuɗa cikin battar da yatsa mai tsabta da sabon ruwan ajiya, a kifa ta kan takarda mai tsabta da murafenta a buɗe ta bushe. Kada a ƙara sabon ruwa kan tsoho don tattali. Kada a ajiye ta a makewayi. Bayan wata uku a sauya ta ko da tana sheƙi, saboda ƙwayoyin cuta kan yi wani irin yauƙi a jikin robar wanda ido ba ya gani, magani kuma ba ya ratsa shi sosai. Kuma ruwa, kowane iri ne, bai halatta ya taɓa faifan ko battar ba: na famfo, na rijiya, na burtsatse, har da na leda da muke sha. A cikin ruwa da ƙasa akwai wata ƙwayar halitta, akantamiba, wadda shan ta ba ya cutar da mai lafiya, amma idan ta maƙale tsakanin kontak da baƙin ido takan ci shi da azaba mai tsanani, magani ya ɗauki watanni, wani lokaci a ƙare da hakiya ko dashen baƙin ido. Binciken da aka yi a asibitin ido na Moorfields da ke Landan, wanda ya fito a 2022, ya nuna masu sa kontak na ajiyewa sun fi masu na kwana ɗaya haɗarin kamuwa da ita kusan ninki huɗu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ce kwana da kontak a ido na ninka haɗarin ciwo sau shida zuwa takwas.

Mai awon ido da ke aiki a ƙasarmu yana da tambayoyin da takwaransa na Turai ba ya yawan ji. Hajiya za ta tambaye shi alwala fa, sau biyar a rana? Sai ya ce ta runtse ido sosai lokacin wanke fuska, ta tsane kafin ta buɗe, kuma ta cire kafin wanka. Kwalli fa? A fara sa kontak kafin kwalliya, a cire shi kafin a goge ta, kuma a guji zizara kwalli a cikin bakin fatar ido, don garinsa na manne wa faifan. Idan hunturu ya kama, ƙura ta tashi, iska ta bushe, mai gaskiya zai ce maka ka rage sa'o'in sawa, ka riƙe tabarau a kusa, musamman idan kana hawa babur. Ba ya sayar maka da kontak ba tare da ya tabbatar kana da tabarau na ko-ta-kwana ba.

Duk wannan ne ake tsallakewa idan aka sayi kontak mai launi a shagon kayan kwalliya ko ta Instagram. Yanzu ya zama ruwan dare a bukukuwa: amarya da ƙawayenta, wannan idonta ruwan toka, waccan ruwan zuma. Ban ga laifin son ado ba, ado ɗabi'ar biki ce. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yarinyar da ba a taɓa auna idonta ba, mai kwalliya ta sa mata faifai da hannun da ya gama shafa hoda, ba a gaya mata ranar da zai lalace ba, ba a ba ta ruwan ajiya ba. Biki ya watse ta cire ta jefa a murfin kwalba da ruwan famfo, wata huɗu bayan nan a ɗauko don bikin wata, ko a ara wa ƙanwa. Kontak mai launi, ko babu lambar gani a jikinsa, a kan baƙin ido ɗaya yake zama da na magani, kuma awo ɗaya yake bukata.

Masu sana'ar su ma akwai abin da ya rage musu. Bayanin da ke jikin kwalaye da kwalabe yawanci da Turanci yake, da ƙananan haruffa. Ɗan takarda guda da Hausa, a miƙa wa mai saye tare da battarsa, da ranar sauya ta a rubuce, zai yi aikin da dogon jawabi a ɗakin awo ba ya yi.

Ke kuma 'yar'uwa, da kai ɗan'uwa mai sa kontak, duk ranar da ido ya yi ja, ko ya yi zafi, ko haske ya dame shi, ko gani ya dushe, a cire nan take, kada a ɗiga masa wani magani na kanti, kada a jira gobe. A je asibitin ido a ranar, a tafi da faifan da battarsa da kwalbar ruwan, domin daga cikinsu ake iya gano ƙwayar da ta kama idon.