Dashen Itatuwa Masu 'Ya'ya a Cikin Gida

Kowace damina mutane sukan karɓi dashen mangwaro da gwaiba da lemo daga wurin malaman gona, amma da yawa daga cikin itatuwan nan ba su ganin damina ta biyu. Galibi ba ƙasa ce ta ƙi su ba, ƙishirwa ce da awaki ke kashe su. Saboda haka gara magidanci ya dasa biyu ko uku kusa da inda iyalinsa ke alwala da wanke-wanke, da ya dasa ashirin a bayan gari inda ba mai kai musu ruwa. Wannan ita ce maganar da ake so hakimai su jawo hankalin dagatai da masu unguwa a kanta.

Mangwaro, wanda asalinsa daga wajen Indiya ya fito, iri biyu ne a wurin dashe. Wanda aka shuka da ƙwallo yakan yi shekara 6 ko fiye kafin ya haihu, kuma ba lalle 'ya'yansa su ɗauko zaƙin uwar ba. Mai aure, watau wanda aka haɗa reshen itace mai kyau a kan gindin wani, yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Shi ya fi cancanta a nema.

Tun da bazara za a haƙa rami, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ba a dasawa sai ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuni ko Yuli. A lura kada a binne gaɓar auren, kuma duk tohon da ya fito daga ƙarƙashinta a cire shi, don in an bar shi sai ya rinjayi reshen da aka ɗaura, itacen ya koma na banza. A bar kamar ƙafa 30 tsakanin mangwaro da ɗan'uwansa, a nisanta shi da katanga da rijiya.

Ranar da aka dasa, ranar za a kewaye shi da ƙaya, gama akuya ba ta jiran gobe. In kaka ta wuce a riƙa ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. Waɗansu sukan binne tulu mai 'yar huda kusa da saiwa, su cika shi, ruwan ya riƙa tsiyaya a hankali. Dabara ce mai kyau inda rijiya ke da nisa.

Gwanda ta fi kowanne sauri, takan yi 'ya'ya cikin shekara guda. Sai dai akwai namiji da mace, namijin kuwa ba ya haihuwa. A sa uku a rami ɗaya, in sun yi fure a rage, a bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Nunanniyar gwanda da mangwaro suna da abin da ke tsare yara daga dundumi.

Itace yakan fi wanda ya dasa shi tsawon kwana, har ya zama abin jayayya tsakanin magada da mai fili. Wanda zai dasa a filin aro, ya kamata a daidaita maganar tun da wuri a gaban dagaci, malamin hakimi kuma ya rubuta sunan mai dashen, da irin itacen, da shekarar.