Yauƙin da ke Taruwa a Bututun Numfashi: Abin da Masu Jinya Ya Kamata Su Sani



Ba mu manta da shekarar 2020 ba, lokacin da aka ware asibitin SUNY Downstate da ke titin Clarkson don masu korona kaɗai, Kings County da ke tsallaken titi kuma ya cika maƙil. Tun daga lokacin da yawanmu muka san na'urar taimaka wa numfashi. Yau za mu yi bayani kan wani haɗari da ke ɓoye a cikin bututunta, da yadda mu masu zuwa dubiya za mu taimaka.

Kowa ya san randar da aka daɗe ba a wanke ba: in ka shafa cikinta, sai ka ji santsi. Haka yake faruwa a bututun roba da ake zura wa majiyyaci ta baki zuwa maƙogwaro. Cikin sa'o'i kaɗan, ƙwayoyin cuta daga baki suke manne wa jikinsa, su haɗu da majina, su lulluɓe kansu da yauƙi. Wannan yauƙi garkuwarsu ce, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa shi sosai.

Illarsa iri biyu ce. Faɗin ramin bututun babba bai wuce milimita 7 zuwa 8 ba, don haka dauɗa kaɗan ma tana matse hanyar iska. Sannan gutsuren yauƙin kan ɓalle ya faɗa huhu, ya haddasa ciwon nimoniya, wanda kan bayyana bayan sa'o'i 48 a kan na'ura.

Me ya sa ba a canja bututun kawai? Domin cire shi da mayar da wani yana da nasa haɗarin. Saboda haka ma'aikatan jinya kan zuƙe majina da siririn tiyo, su goge haƙora da harshen majiyyaci, su ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. Wasu asibitoci suna da na'urar kankare cikin bututun. Kullum kuma likitoci kan rage maganin barci su gwada ko zai iya numfashi da kansa, don rage kwanakinsa a kan na'ura shi ne babbar kariya.

To, ina namu aikin?

Mu wanke hannu kafin mu taɓa majiyyaci da bayan mun taɓa shi.

Kada mu kwantar da kan gadon, ko da mun ga kamar ya gaji.

Kada mu ɗiga masa komai a baki, ko zamzam, ko rubutu, ko zuma. Mun san da niyyar alheri ake yi, amma ruwan na iya silalewa ta gefen bututu zuwa huhu. Mu yi addu'a a gefensa. In muna son shafa masa a goshi, mu tambayi nas tukuna.

Mu yi tambaya ba tare da kunya ba: yau an wanke masa baki? An gwada numfashinsa? Doka ta wajabta wa asibitocin New York samar da tafinta kyauta, sai mu ce muna son mai jin Hausa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.