AMSOSHIN WASIƘUNKU: Maganin Basir Na Cikin Dusar Da Muke Ba Awaki

Ga mu kuma a filinku na amsa wasiƙu, wanda muke bugawa a nan saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su zama kusa da rediyo. A wannan mako wasiƙu huɗu ne suka zo kan magana guda, sai muka ɗauki ta wani mai sauraronmu da ke sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, domin amsarta za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Ina da shekara 46. Sai in yi kwana uku ko huɗu ban zaga ba, in na je kuma sai da nishi mai tsanani, wani lokaci har da jini. An ce mini basir ne. Na sha jiƙo da gari iri-iri, in na sha sai cikina ya ɓarke kwana ɗaya, bayan mako guda abin ya dawo. Ƙanena da ke noma a ƙauye shi ma yana kuka da haka, amma shi da rani kawai. Shin basir gadonsa ake yi? Kuma mene ne maganinsa na gaskiya?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya ba da lafiya. Bari mu fara da sunan kansa, domin a ƙasar Hausa babu ciwon da aka ɗora wa kaya kamar basir. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce, kumburin ciki basir ne, kai har rashin ƙarfin maigida a ɗaki an ce basir ne. Wanda ya taɓa tsayawa gaban motar mai magani ranar kasuwa ya ji wannan lissafi ta lasifika. Amma a wajen likita basir abu ɗaya ne. Kowane ɗan Adam yana da wasu jijiyoyin jini a bakin dubura, kamar 'yar matashi, waɗanda ke taimakawa wurin ya rufe sosai. Idan mutum ya daɗe yana nishi da yunƙuri, sai su kumbura, su riƙa zubar da jini ja wur bayan an gama, wani lokaci su leƙo waje. Wannan shi ne basir. Akan sami gidan da ya fi yawa a cikinsu, gaskiya ne, amma 'yan gida ɗaya ai tukunya ɗaya suke ci. A wasiƙarka mun ga uwar matsalar tun a layin farko, watau taurin bayan gida.

Ga yadda abin yake. Tuwon da ka haɗiya yakan sauka tumbi, daga nan ya bi ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abincin. Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, mai tsawon mita ɗaya da rabi, shi kuwa aikinsa tsotse ruwa. Ka lura da nan sosai. Muddin saura yana zaune a babban hanji, tsotsar ruwansa ake yi. Kwana ɗaya yana da laushi, kwana huɗu ya zama kamar tubalin da rana ta gasa. Abin da ke riƙe masa ruwa, ya ba shi kauri har hanji ya sami abin turawa, shi ne ɓangaren abincin da ciki ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, fatar wake, zaren ganye, da ɓawon 'ya'yan itace. Likitoci suna kiransa faiba.

Akwai wani likitan fiɗa mutumin Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi kusan shekara 20 yana aiki a Yuganda. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu wajen mutanen ƙauye ba. A 1972 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi. Bayan gidan ɗan ƙauyen Yuganda ya haura giram 400 a rana, abinci kuma yakan ratsa cikinsa ya fita cikin kamar kwana ɗaya da rabi. Na sojojin ruwan Ingila kuwa wajen giram 100 ne, kuma sai ya haura kwana uku a ciki. Bambancin ba na jini ba ne, na akushi ne. Ba duk abin da Burkitt ya faɗa ba ne aka tabbatar daga baya, amma wannan magana ta faiba da laushin bayan gida ta zauna daram. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na faiba a rana, tare da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace.

Yanzu sai mu tambaye ka Malam, kai da ke zaune tsakiyar buhunan gero da dawa da wake, me kake ci a rumfa? Ba mu gan ka ba, amma za mu iya cinka. Da safe shayi da burodi. Da rana farar shinkafa da mai da yaji, ko taliya, a kora da lemon kwalba. Da la'asar in ciniki ya yi kyau, tsire ko balangu. Duk cikin wannan babu mai dusar kirki. Garin burodi an cire masa dusa tun a masana'anta, shinkafar an goge ta har tana ƙyalli, nama kuwa ba shi da faiba ko ƙwaya. To a nan ne maganar da mutane ke yi cewa zaƙi da maiƙo ke kawo basir take da ƙamshin gaskiya. Ba sukarin ne ke kumbura jijiya ba. Wanda ya cika cikinsa da su ne ba ya barin wurin wake da ganye.

A gida ma haka. Uwargida takan surfa dawa ta bushe dusar, a kai inji, a dawo a tankaɗe da rariya mai laushi, tuwo ya fito fari tas, maigida ya yaba. Dusar kuma a jiƙa wa awaki. Kun taɓa ganin akuya tana nishi? Ba mu ce a daina surfe ba, domin a wanke hatsi a fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi wajibi ne. Abin da muke cewa a sassauta hannu. A yi surfe sama-sama, ko a riƙa niƙa wani kaso da dusarsa a gauraya. Tuwon zai yi ɗan duhu, yara za su yi ƙorafi kwana biyu, daga nan su saba.

Sa'an nan wake. Cikin giram 100 na busasshen wake akwai faiba wajen giram 10, watau shi kaɗai ya ɗauke maka babban kaso na bukatar yini. Amma a tuna, na ƙosai da alale an cire masa fata. Wake da shinkafa, faten wake, dafaffiyar gurjiya, su ne ake magana. Wanda ya ce wake na kumbura masa ciki, a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, kuma ya fara da kaɗan. Wannan ka'ida ta shafi duk abin da muka lissafa: a ƙara sannu a hankali cikin mako biyu ko uku, in ba haka ba iska za ta dame ka har ka ce mun cuce ka. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, dambu da ganye, duk naku ne, ba sai an je kanti ba. Gwanda, gwaiba, mangwaro a lokacinsa, goruba, aya, magarya. Lemon zaƙi kuma a ci shi da totuwarsa, kada a tsotse a yar.

Amma faiba ba ruwa kamar garin da aka zuba a tukunya ba a tuƙa ba ne. Mun san dalilin da ya sa 'yan kasuwa da yawa ba sa shan ruwa: kada fitsari ya tashe su daga rumfa mai saye ya wuce. Kuma mun san in bayan gida ya matso akan danne shi, ko don ciniki, ko don makewayin kasuwa ba ya shiguwa. Wannan danniya ita ce ta fi komai ɓarna, domin in ka saba hana hanji, sai ya daina kiranka. Ka ajiye ruwa mai tsabta kusa da kai, ka sha kamar lita 2 a yini, da bazara fiye da haka. Ma'auninka fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. Hanji kuma ya fi motsi jim kaɗan bayan karin kumallo, saboda haka ka karya da wuri, ka zaga tun a gida kafin ka fita. Tsugunnon da muka gada ya fi zaman kujera sauƙaƙa fita. In ka yi 'yan mintoci bai zo ba, tashi abinka, kada ka zauna kana nishi.

Batun ƙanenka kuwa, shi ne ya ba ka amsar rabin tambayarka. Da damina yana duƙe da fartanya tun asuba, yana shan ruwa da fura, ganye kuma ko'ina. Da an kai amfani gida sai zaman majalisa gindin bishiya, ganye ya yi wuya, ga iskar hunturu tana busar da jiki ba a jin ƙishirwa. Hanji nama ne mai motsi, kuma motsin jiki na taimaka masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Ba wai ka sa gajeren wando ka yi ta gudu a titi jama'a su ce Alhaji ya taɓu ba. Tafiya ce da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga. Ka sauka daga babur tun kafin ƙofar kasuwa, ka taka. Aiken da kake ba yaro zuwa wancan layi, wani lokaci ka je da kanka. Ƙanenka kuma ya dasa zogale a bayan gida, su shanya kuka da kuɓewa da rama tun da kaka, a inuwa.

Game da jiƙon da kake sha, irin wanda ke ɓarke ciki, galibi maganin wankin ciki ne kamar filasko. Yana tsokanar hanji ya yi waje da komai, ka ji sakayau, amma abincinka bai sake ba, don haka tubalin zai sake ginuwa. Ga asarar ruwan jiki, ga kuma ba ka san abin da aka haɗa a cikin kwalbar ba. Haka nan a sani, wasu ƙwayoyi na ɗaure ciki, musamman tramadol da kodin, waɗanda wasu masu aikin ƙarfi ke sha wai don gajiya. Maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu shi ma yakan yi haka, amma shi kada a daina, a ƙara ruwa da ganye a kuma gaya wa ma'aikaciyar awo. Kuma don Allah kada a yarda wani ya yanke ko ya ƙone tsiron basir a gida. Jini na iya ƙin tsayawa, kuma in aka taɓa naman da ke riƙe dubura, mutum na iya kasa riƙe bayan gida har iyakar ransa.

Saura magana mafi nauyi, Malam, kuma muna roƙon kada ka tsallake ta. Ka ce kana ganin jini, shekararka kuma 46. Ba kowane jini ne basir ba. Atuni na kawo jini da majina. Masu noman rani da ke wuni cikin ruwan fadama ko na madatsa suna iya kamuwa da tsutsar tsargiya, wadda wani nau'inta a hanji yake zama, ana kuma maganinta da ƙwayar praziquantel. Sa'an nan akwai ciwon daji na hanji, wanda yakan fara kamar basir sak, wanda kuma ake iya warkewa in an gano shi da wuri. Saboda haka ka gyara abinci, amma ka je asibiti a duba ka, kada ka jira. In jinin a cakuɗe yake da bayan gidan, ko bayan gidan ya yi baƙi kamar kwalta, ko kana ramewa ba dalili, ko tafin hannunka da cikin idonka sun yi fari, ko yanayin zagawarka ya sauya haka kawai ya ƙi komawa, to wannan ba na gobe ba ne. Masu rashin ƙarfin nan da ake ɗora wa basir su ma su sa a auna musu sukari da hawan jini, domin su ne suka fi jawo shi.

In ka je, ka aje kunya a ƙofa. Ka faɗa wa likita yaushe jinin ya fara, wane launi ne, kwana nawa kake yi ba ka zaga ba, ka kuma tafi masa da kwalaben jiƙon da ka sha. Zai bukaci ya duba wurin da yatsa cikin safar hannu, ba ya ɗaukar lokaci, kuma kana iya neman namiji ɗan'uwanka ya duba ka.

Ga baiwar Allah da ta rubuto daga Gaya tana tsoron cewa ba kullum take zagawa ba, Hajiya ki kwantar da hankalinki. Daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk daidai ne, muddin yana fita da laushi ba nishi. Masu tambaya kan gyambon ciki kuma, wasiƙunku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.