Hayaƙin Sigarin Maigida: Ke da 'Ya'yanki Ma Kuna Sha

Bari in fara da tambaya. Idan hunturu ya sauko a Birnin Gwari, iskar daji mai ratsa ƙashi ta fara kaɗawa, me kike yi da daddare? Na san amsar. Ki rufe taga, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ki lulluɓe yara. To idan a cikin wannan ɗaki ne maigida ya kunna karan sigarinsa bayan an ci tuwo, ina hayaƙin zai bi? Ba shi da wata mafita sai hancinki da na jaririn da ke kwance a gefenki.

Binciken da aka gudanar a Najeriya a shekarar 2012 kan manya masu amfani da taba ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 na maza suna amfani da ita, mata kuwa kusan kashi 1 ne kacal. Wata za ta ce ashe ke nan matsalar maza ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu, 'yar uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa sigari a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Yawancin irin waɗannan kuwa mata ne da yara.

Me ke cikin hayaƙin nan?

Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero, kuma sun yi gaskiya. Masana sun gano sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin sigari, kusan 70 daga ciki suna haddasa ciwon daji. Akwai nikotin, wanda shi ne ke kama mutum ya kasa bari. Akwai baƙin danƙo mai kama da kwalta da ke mannewa a huhu. Akwai kuma iskar gubar nan da ke fita daga janareta da garwashi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata.

Ga mai sha, ƙarshen abin shi ne ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon dajin huhu da na maƙogwaro, da numfashi sama-sama tun mutum bai tsufa ba. Har ila yau sigari na lalata ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa take jawo wa namiji rauni a wajen iyali, abin da maza da yawa ba su sani ba.

Ga yaro kuwa abin ya fi muni, domin huhunsa ƙarami ne, kuma ya fi babba saurin numfashi. Yaron da ke kwana cikin hayaƙin sigari ya fi saurin kamuwa da nimoniya, asma, yawan tari da ciwon kunne mai fitar da ruwa. Jariri ma yana iya mutuwar fuju'a cikin barci. Mai juna biyu da ke shaƙar hayaƙin tana iya haifar ɗa maras nauyi ko bakwaini. Ki tuna kuma a gidajenmu na karkara da itace da gawayi muke girki, goyon da ke bayanki ya wuni yana shaƙar hayaƙin murhu. Idan dare ya yi aka ƙara masa da na sigari, an tara masa gajiya biyu ke nan.

Sai batun tarin fuka. Mai shan sigari ya kusan ninka wanda ba ya sha wajen haɗarin kamuwa da shi, kuma sau da yawa ana makara wajen ganewa saboda kowa na cewa ai tarin sigari ne. Idan maigida ya kai mako 2 yana tari, ga zufa da daddare ga rama, ki lallaɓa shi ya je babban asibitin Birnin Gwari a duba majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kin san dai idan ciwo ya yi tsanani sai an ɗauki mutum tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kaduna, ko a wuce asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Buruku da maras lafiya a mota ta san rigakafi ya fi magani.

Mu ma mu duba kanmu

Kafin mu nuna maza da yatsa, mu dubi namu ɗakin. Akwai iyayenmu da ke ƙunsa taba gari da kanwa a baki, wai tana maganin ciwon haƙori, akwai masu shaƙa ta a hanci. Ita ma taba ce, nikotin ɗin na nan, kuma tana jawo ciwon dajin baki da zubewar haƙora. Ga kuma shisha da ta shigo wa 'yan mata da samari da ƙamshin tuffa da na'a-na'a. Ruwan da ke cikin tukunyarta ba ya tace gubar, ƙamshin ne kawai ke rufe ta.

Wani abin takaici shi ne aiken yara wajen mai tebur su sayo sigari. Yaron da ya saba riƙe karan sigari a hannu, wata rana bakinsa zai kai. Dokar taƙaita amfani da taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta haramta sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara. Ko da mai tebur bai kiyaye ba, ke ki kiyaye. Ki roƙi maigida cikin ladabi ya cire 'ya'yanku daga wannan aike.

Yadda za ki taimaka masa ya bari

Da farko ki sani cewa yawancin masu sha suna son su daina, nikotin ne ya ɗaure su. Mazanmu na wannan yanki sun ga tashin hankali na shekaru, gona ta gagara, hanya ta gagara, kafin sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 har aka sake buɗe kasuwar kara. Idan ya ce miki sigari ce ke kwantar masa da hankali, kada ki ƙaryata shi da gatsali. Gaskiyar ita ce ƙishirwar nikotin ce ke tayar masa da hankali, idan ya sha ta lafa na ɗan lokaci, sai ya zaci magani ya samu.

Saboda haka gori da faɗa a gaban yara ba za su yi ba. Ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki ce, "Baban Ummi, tarin yarinyar nan na damuna, kuma naka ma yana damuna. Muna buƙatarka da lafiya." Buƙatarki ta farko ƙarama ce: kada a sha a cikin ɗaki, ko a zaure inda yara ke wasa. Buɗe taga ba ya wadatarwa, domin hayaƙin na maƙalewa a labule da katifa da tufafi.

Sannan ku yi lissafi tare. Misali, in a ce kara ɗaya Naira 50 ne, yana shan 10 a rana, Naira 500 ke nan, a wata Naira 15,000, a shekara kuwa ta haura Naira 180,000. Ki tambaye shi taki nawa wannan kuɗi zai saya wa gonar masara.

Idan ya amince, ku sa rana. Watan azumi dama ce babba, tunda wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya nuna zai iya. A ranar ki kwashe kwalaye da ashana da laita, ki wanke kayansa da zanin gado, ki turare ɗaki. Kwana 3 na farko su ne mafi wuya. Zai yi saurin fushi, barci zai ƙi zuwa, kai zai yi ciwo, ci zai ƙaru. Ki yi haƙuri da shi, ba halinsa ba ne, kuma cikin mako 2 zuwa 4 abin zai yi sauƙi. Sha'awar sigari idan ta taso mintuna kaɗan take yi ta wuce, don haka ki tanadar masa aswaki, dabino, aya ko gyaɗa a aljihu, da ruwan sha kusa. Ki lura da lokutan da ya saba kunnawa, kamar bayan cin abinci ko zaman teburin mai shayi, ki cike masa su da hira ko wani aiki. Idan abin ya gagara, ya ga likita, akwai cingam da filasta na nikotin da wasu magunguna da ke taimakawa.

Ki riƙa ba shi albishir. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya ya fara daidaita. Bayan awa 12 iskar gubar nan ta ragu a jini. Cikin mako 2 zuwa 12 huhu ya fara ƙarfi. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka.

Idan ya koma ya sha, kada ki ce ai dama na sani. Mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita. Ku sake sa rana, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Uwargida, ba ki da ikon fizge sigari daga hannun mijinki, amma kina da bakin lallashi da addu'a, kuma 'ya'yanki na da haƙƙin shaƙar iska mai tsabta. Ki fara daga daren yau. Allah Ya ba mazajenmu ikon bari, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.