Fitilar hazo: mai ruwan ɗorawa ko fara, wacce za ka saka wa motarka?

Yau maganar mota za mu yi, amma ko ba ka da mota kar ka wuce, domin indai kana hawa ta haya ko kana bin titi a babur, zancen ya shafe ka.

A hunturun da ya wuce na shiga wata Golf da asuba daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura Namoda. Hazo ya sauka sosai, da ƙyar kake hango abin da ke gabanka. Direbanmu ya kunna wasu fararen fitilu masu ƙarfi da ya ɗaura a bamba, sai gabanmu ya koma fari fat kamar an rataya zane. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce masa, "Yaro, da yalo ka saka da ba haka ba, ita ce ke huda hazo." Direba ya ce, "Baba, wannan tsohon yayi ne." Har muka sauka ba su daidaita ba. To wa ya fi gaskiya?

Mu fara da hazon kansa. A Turai, abin da suke fama da shi tururin ruwa ne da ke rataye a iska. Namu galibi ƙura ce. Iskar hunturu ke kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar lallausan gari. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris take yi mana zuwa, kuma idan ta yi tsanani za ka ji hukumar NiMet tana gargaɗi, har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ga kuma ƙurar da manyan motoci ke tayarwa a inda kwalta ta mutu.

Idan haske ya bugi ƙwayar ƙura, watsuwa yake yi, wani ya dawo idonka. Shi ya sa ful layit ke cutar da kai a cikin hazo: tana harba haske sama, daidai saitin idon direba, ƙurar kuma ta maido maka da shi.

Yanzu maganar Baba. Ya ce yalo tana huda hazo. A kimiyyance, launin haske yana yin tasiri ne idan abin da ya tare shi ƙanƙane ne ƙwarai, kamar ƙwayoyin iskar kanta, wanda shi ne dalilin da sama ke yin shuɗi. Ƙwayar ƙura da ɗigon ruwa kuwa sun fi haka girma, suna watsa kusan kowane launi daidai wa daida. Kenan yalo ba za ta kai ka nesa fiye da fara ba don launinta kawai. Hasali ma idan gilashi ko leda mai launi aka rufa wa farin ƙwai, hasken raguwa yake yi kaɗan.

Amma Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ruwan ɗorawa farin haske ne da aka cire masa shuɗi, kuma shuɗin nan shi ya fi kashe ido da gajiyar da shi. Saboda haka hasken da ya dawo maka daga ƙura ba ya damunka sosai, wanda ke tahowa daga gaba ma ya fi samun sauƙi. Faransa ta wajabta fitilun gaba masu ruwan ɗorawa tun daga 1937, ba ta janye dokar ba sai 1993. Har yau ƙa'idar fitilun mota ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda fitilar hazo ta gaba ta zama fara ko yalo.

Idan ka je saye, duba kwalin, za ka ga lamba da harafin K. Mai 3000K tana ɗaukar ruwan ɗorawa. Mai 6000K fara ce tas har tana shuɗi-shuɗi, irin wadda samari ke so don gayu. Wannan lamba launi take nunawa, ba ƙarfin haske ba, kar mai shago ya ce maka babbar lamba ta fi gani.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne inda fitilar take da inda ta kalla. Fitilar hazo ta gaske ƙasa take zama, haskenta shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, samansa a yanke, don ya bi ƙasa ya nuna maka bakin titi da ramuka ba tare da ya tashi zuwa idonka ba. Matsalar direbanmu ke nan: abin da ya ɗaura irin fitilar nan ce mai watsa haske ko'ina. Ko da yalo ce, da haka za ta yi masa.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Da dare ka tsayar da mota a wuri mai daidai, tana fuskantar bango, tazarar kamar mita 7 zuwa 8. Ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango. Saman hasken ya kamata ya tsaya ƙasa da alamar da kamar santimita 10. In ya haura, ka koma wurin mai gyaran waya ya sunkuyar da ita. Ka kuma tabbatar ya saka fiyus, ya ba ta makunninta daban, domin haɗin waya na ganganci na iya jawo gobara.

Sai gudu. Mota mai tafiyar kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Fitilar hazo kusa take haskawa. Idan ɗan acaɓa marar wutar baya ko garken shanu ya bayyana a gabanka, kafin ƙafarka ta kai birki ka riga ka isa. A kilomita 40 kuwa mita 11 ne a daƙiƙa, kana da sararin tsayawa. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, daga Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi kowa so yake ya wuce da sauri saboda matsalar tsaro. Mafita ita ce a daidaita lokacin fita: ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, gara ka jira gari ya waye sosai da ka yi tsere a cikin duhu da hazo.

To wacce za ka zaɓa? Idan kana yawan sammako a hunturu, ko kana bin hanya mai ƙura, ni dai yalo zan ce ka ɗauka, don sauƙin idonka da na wanda za ku yi kiciɓis. Idan motarka ta zo da farar fitilar hazo daga kamfani kuma saitinta daidai yake, bar kuɗinka a aljihu. Wadda zan ce ka guje mata ita ce fara mai shuɗi da dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a saman mota. Ka riƙa goge gilashin gaba ciki da waje, ka goge fuskar fitilun, ka yi tafiya da dim. In hazo ya washe ka kashe fitilar hazon, domin wanda ka kashe wa ido kanka zai iya faɗowa.

Mai shiga motar haya ma yana da baki. In ka ga direba ya danna ful layit a hazo yana gudu, ka ce masa cikin ladabi, "Malam direba, don Allah a sassauta, a mayar da ita dim." Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.