Lissafin Wuta a Gidajen Arewa

Wutar lantarki na da ma'auni biyu da ake fara dubawa: bolt, wato ƙarfin turi, da amfiya, yawan wutar da ke gudana a waya. In an raba bolt da amfiya, sai a sami turjiyar na'ura a ma'aunin om, ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. In kuwa an ninka su, wat ke fitowa, wato ma'aunin ƙarfin wutar da na'ura ke ci.

A ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri, batirin sola mai bolt 12 ya zama ruwan dare. Fankar da ke jan amfiya 2 daga gare shi turjiyarta om 6 ce, tana cin wat 24. Dutsen guga mai jan amfiya 5 a wutar kamfanin lantarki na NIGELEC mai bolt 220 kuwa wat 1,100 yake sha, nauyin da ƙaramin batir ba zai jure ba.