Shamuwa ta tafi, baƙi sun sauka: Kallon tsuntsaye a tafkunan Tasawa da Mayahi

Daga ƙarshen watan Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da gero ya shiga rumbu kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, tafkunan gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi kan yi canjin baƙi.

Shamuwa, wadda zuwanta ke yi wa manoma albishir da damina, takan bar sheƙarta a bishiyoyin ƙauyuka ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'urar bin sawu sun bi tafiyarsu har Tanzaniya.

Tana tashi, wasu na sauka. Ƙananan agwagin daji da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa kan taso daga Turai da Rasha don guje wa sanyi. Sukan tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita, kafin su tarar da ruwa a yankin Sahel. Su ma ci-rani suke zuwa.

Abin da mai kallo zai gani

Ba sai an yi nisa ba. Garin Tasawa na da tafkunan da ruwan sama ke cikawa, haka nan akwai ƙananan tafkuna a kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi, inda goriba ta yi yawa.

Da sanyin safiya ko gab da magariba aka fi ganin tsuntsaye. Balbela na bin shanu, zalɓe na tsaye cikin ruwa yana dakon kifi ko kwaɗo, baƙin kuma na tsintar tsutsa a cikin taɓo. Tufafi marasa ƙyalli, rashin hayaniya da kyamarar waya sun isa a fara.

Sai dai lokacin gajere ne. Yawancin tafkunan nan kan ƙafe kafin bazara, don haka tsuntsayen kan koma inda ruwa ke daɗewa, kamar tafkin Madarunfa da ke kudu da birnin Maraɗi, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019.

Me ya shafi manomi?

Shamuwa da balbela na cin fara da sauran ƙwarin da ke ɓarna a gona, ba tare da an sayi magani ba. Amma zamansu ya dogara ne da ruwa da itatuwa, kuma duka biyun na fuskantar matsi. Rairayi na cike tafkuna, leda da shara na kwarara cikin na gari, gonaki da gidaje na matsowa bakinsu. Tafkin da ya ƙafe da wuri asara ce ga makiyayi da mai lambu da mai yin tubali, ba ga tsuntsu kaɗai ba.

Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi barin tohon itace ya girma a gona, dabarar da aka ƙiyasta ta farfaɗo da hekta kusan miliyan 5. Gawo, da ke fitar da ganye da rani, na tara ƙwarin da ƙananan tsuntsayen Turai ke ci.

A kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, aikin da aka fara tun 1967 kuma ƙungiyar Wetlands International ke jagoranta. Ƙananan tafkuna ba kasafai masu ƙidaya ke kaiwa gare su ba. Matashin da ya ɗauki hoto, ya rubuta rana da wuri, ya ɗora a manhaja irin eBird, ya ajiye shaidar da za a iya kare tafkin garinsu da ita gobe.